Takin ruwa na shanu: da me zaka kai shi gona, kuma yaya zaka zuba shi

Duk mai kiwon turke a arewacin Kamaru, a Garwa ko Marwa ko Gidar, ko mai shanun madara a wajen Ngawundere, yasan ruwan nan da ke taruwa a bayan garke, kashi da fitsari da ruwan wanke dabe duk sun cakude, baki kirin ga wari. Yawancinmu rariya muke hakawa mu sake shi ya bi lungu makwabta suyi ta korafi, damina na kamawa kuma mu tafi neman bashin buhun ure, wanda tun 2022 da kudinsa ya tashi har yau talaka bai dawo daidai ba. Abin nan yana min ciwo wallahi, don abin da muke saye a buhu irinsa ne muke zubarwa a rariya. Yanzu wasu sun fara farga, musamman masu ramin gas na girki da kullum ruwan taki ke fito musu, sai tambayar ta koma wane inji zan saya, tunda ana ganin hotunan manyan tankokin Turai a waya.

Toh kafin maganar inji ya kamata kasan me kake kokarin cetowa. Sinadarin da ke sa ganye yayi kore shar, wato naitirojin, wanda shine kashi 46 cikin 100 na buhun ure, a jikin saniya mai saurin aikin cikin fitsari yake fitowa. Da zarar fitsari ya hadu da kashi sai ya fara juyewa zuwa amoniya, wannan warin mai hawa kai da sa hawaye in ka shiga garke da rana. Duk sanda kaji warin nan, takinka ne ke bin iska. In ka watsa ruwan a saman kasa ka barshi a fili, babbar asarar a awannin farko take faruwa, kafin kwana daya ya cika mafi yawan wanda zai gudu ya gudu, kuma zafi da iska su ke kara masa gudu. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa na haura 40, kaga kenan abin da manomin kasar sanyi ke kuka dashi namu yafi nasa.

Su can Turai doka ce ta matsa musu. Tarayyar Turai tun 1991 ta sa iyaka, a yankunan da ruwansu ke cikin hadari kada naitirojin na kashin dabbobi ya wuce kilo 170 a hekta a shekara. Holan tun farkon shekarun 1990 ta hana watsa shi sama. Jamus ta tilasta zuba shi layi layi kusa da kasa a gonakin shuka daga 2020, a filayen ciyawa daga 2025. A Ailan kuma gwamnati na biyan har kashi 60 cikin 100 na kudin injin ga manomin da ya cika sharudda, don amoniyar kasar kusan dukkanta daga noma da kiwo take fitowa. Tsohon injinsu tanki ne da faranti a baya, ruwan ya bugi farantin ya fantsama sama ya rufe ko'ina, shi ake korewa. Wadanda suka maye gurbinsa iri uku ne, akwai mai tiyo da yawa suna jan kasa suna ajiye takin layi layi, wannan yana rage asarar da kamar kashi 30, akwai mai takalmin karfe a bakin kowane tiyo yana bude ciyawa ya ajiye takin a gindi, shi daga 30 har 60, sai mai tsaga kasa ya dura shi ciki wanda ke kaiwa 70 ko fiye. Amma abin da nake so ka rike shine, su da kansu sun auna sun ga in aka zuba a gonar da ba shuka aka bi da garma nan take aka rufe, ana iya ceton kusan kashi 90, in aka bari sai bayan kwana daya kamar 30 kawai ake cetowa. Wato duk tsadar karafan nan abu daya suke nema, takin ya rage haduwa da iska ya shige kasa da wuri. Wannan kuwa mai shanun huda biyu zai iya, mai fartanya ma zai iya.

Don haka ni shawarata kar ka fara da tambayar inji, fara da auna nisa. Ruwa nauyi gareshi, durom daya na lita 200 kilo 200 ne ko dan fiye, durom biyar ke cika mita kub daya. A awon Turai mita kub daya na irin wannan taki yana dauke da naitirojin kilo biyu da rabi ko kusa, kuma kamar rabinsa ne shuka ke samu da wuri, sauran a hankali yake narkewa. Buhun ure mai kilo 50 yana da kilo 23. Yi lissafin da kanka, sai ka dauko durom wajen 45 kafin ka tara abin da ke cikin buhu daya, shanunmu kuma da rani ba su cin abin da nasu ke ci, sai dai na turke da ake dura wa turton auduga da dusa su kam takinsu da karfi. Ba wai ina rage masa daraja bane, yana da fosfo da fotas da buhun ure bashi dasu, yana kuma gyara jikin kasa ta rike danshi, amma dole ka san cewa jigila ce zata ci kudinka. In gonarka ta fi kilomita daya ko biyu daga garke kuma baka da abin hawa mai inji, gaskiya kar ma ka tara shi a ruwa. Ka shimfida karan dawa da aka daddatsa, ko karan auduga, ko buntun shinkafa in kana kusa da Lagdo ko Yagwa, a karkashin shanun ya tsotse fitsarin, kana karawa duk sati, ka tara shi a rami a inuwa, ka kai busasshe da amalanke. Sodekoton, wato kamfanin auduga, ta dade tana koyar da wannan a yankin auduga kuma yana aiki.

In kuma gonar kusa take, ko lambu ne a bayan gida, toh sai maganar rami. Ka haka shi kasa da garken kadan yadda ruwan zai gangara da kansa, a shafe da siminti ko a shimfida leda mai kauri, don in ka barshi haka a kasar rairayi rabi zai tsiyaye ya tafi rijiyar unguwa. Ka nisanta shi da rijiya da forash, mita 50 shine awon da aka saba bayarwa, mayo, wato rafi, ko tafki kuma ko wajen zubawa a gona a bar akalla mita 10. Dokar ruwa ta Kamaru ta 1998 ma ta hana zuba kazanta a ruwan da jama'a ke amfani dashi, ko ba doka ai 'ya'yanmu ke sha. A rufe ramin da katako ko tsohon kwano, rufin yana tare rana da iska, yana hana ruwan sama cika maka shi da damina ka koma jigilar ruwan banza. Kar ka zuba toka a ciki, nasan al'adarmu ce toka da shara duk kan juji, amma toka da farar kasa suna tunzura amoniya ta fice, tokar ka kai ta gona daban. Ruwan masai na mutane kuma kar ya kusanci ramin nan ko kadan.

Dan Allah a kula da wannan, don rai ake magana. Ramin da ya dade a rufe in aka motsa shi yana sakin wata iska mai warin rubabben kwai, in tayi yawa hanci ma daina jinta yake, mutum ya shaka sau biyu uku ya fadi, a Turai duk da kayan aikinsu tana kashe manoma da shanu. Ranar da zaka dama shi bude rufin gaba daya, ka tsaya ta bangaren da iskar gari ke busowa yadda zata kore warin daga gareka, a kori yara da dabbobi na rabin awa na farko, kuma ko bokiti ne ya fada ko akuya kar kowa ya shiga. A kewaye shi da kaya ko waya saboda yara, samansa yakan yi bawo ya bushe yaro ya dauka kasa ce. Damawar kuma dole ce, in baka dama ba durom na farko ruwa ne tsararo na karshe kuma tabo, wani layin ya kone wani bai samu komai ba.

Yanzu kayan dauka. Mai lambun albasa ko tumatir ko ganye da bai wuce rabin kar ba, kar daya dai kwatan hekta ne, bido da pus-pus da abin ban ruwa na hannu sun isheshi, kar wani ya rude shi da sayen komai. Ka cire kan nan mai huji huji don toshewa zai yi kuma fantsamawa yake, ka ja dan layi da fartanya a gefen shuka kamar tafin hannu daga gindi, ka zuba a ciki da baki kusa da kasa, wani na binka yana mayar da kasa. Shikenan, abin da injin miliyoyi ke yi kenan.

Mai kar daya zuwa hudu na masara ko dawa ko auduga, amalanke da durom. Jaki durom biyu ne iyakarsa a hanya mai kyau, a rairayi ma daya da rabi, kar a zalunci dabba, shanu biyu zasu ja uku ko hudu. Anan ne nake ganin ya kamata makeranmu da masu walda su shigo, don abin ba wuya. A kwantar da durom din, a huda kasa ta baya a sa famfo babba, ba irin na wanka ba, mai fadin inci biyu ko kusa, daga shi a hada da bututun roba mai fadi a gicciye a bayan amalanken, a fitar da tiyo uku ko hudu daga jikinsa a daidai tazarar layukanka, in santimita 80 kake shuka toh 80, tiyon su sauko har suna jan kasa. Bakin durom na sama a sa raga ko tsohon buhun albasa ana tace kara da tsakuwa lokacin cikawa, in ba haka ba rabin yininka a zaune zaka yi kana zura sanda a tiyo. Abu daya da zaka lura, durom in yana cike ruwan da karfi yake fita, in ya kusa karewa sai ya rage, don haka mai jan shanu ya fara da dan sauri ya rika sassautawa. Tiyon gefe kuma sukan samu kasa da na tsakiya, gwada da ruwan rijiya tukun a tsakar gida, sa bokiti a bakin kowanne ka bude minti daya ka gani, wanda yafi zuba ka dan matse shi da waya.

Masu keke mai kafa uku suna dora farin tankin nan mai kejin karfe na lita 1000. Yana rage sawu sosai, amma tan daya ne cur, ba kowane keke ke dauka ba, kuma tankin da bai cika ba ruwan na kadawa a kwana ya kifar da mutum, ko a cika shi ko a tafi a hankali. Ka tambayi me aka taba zubawa a tankin kafin ka saya, wasu na maganin kwari ne ko kemikal. Cikin gona kuma in kasa ta jike taya na danne ta, a karal, bakar lakar nan mai tsagewa da rani, ma nutsewa zai yi ka kwana kana tono, gara ya tsaya a bakin gona a ja dogon tiyo.

Sai motopom, wanda naga mutane da yawa ransu na kai saboda dama suna dashi na ban ruwa. Wanda ka saya don ruwan Binuwai ko rijiyar lambu an yi shi ne don ruwa mai tsabta, in ka sa masa mai kauri zai toshe, abin da ke tare ruwa a cikinsa ya cinye, ga tsatsa don takin nan yana cin karfe. Akwai wanda aka kera don ruwan kwata da laka, bakinsa a bude yake ana iya kwance murfin a yashe, yafi tsada amma shine na wannan aiki. In na ban ruwan zaka yi amfani dashi dole, tace sosai, ka sirka da ruwa, in ka gama ka ja ruwa mai kyau minti biyar ya wanke cikinsa. Sirkawa daya da daya tana da amfani ko ba don inji ba, tsararo yafi saurin shiga kasa don haka asararsa kadan ce, amma a bakin gona ake sirkawa inda ruwa yake, ba a gida ba ka ninka wa kanka kaya. Kuma kar ka daga bakin tiyo sama kana feshi, ka koma gidan jiya kenan, farantin da Turawa ke gudu ka kera da hannunka. A kwantar dashi cikin kwarin kunya ya bi a hankali. Masu ramin gas ku kun fi kowa bukatar jin wannan, ruwan da ke fitowa daga ramin gas yafi danyen saurin aiki a shuka, kuma yafi shi saurin sakin amoniya.

Babban tanki na tarakta mai tsotsa da kansa, ni ban ga dalilin mutum daya ya saya ba sai in yana da shanu masu yawan gaske a daure wuri daya da fili mai fadi kusa, irin wasu gonakin Adamawa. Yana son tarakta mai karfi, yana son kayan gyara da sai an yi oda daga Duwala ko waje, irin mai tsaga kasan kuma a busasshiyar kasarmu ta rani ko shiga ba zai yi ba. In kungiya ce mai rajista zata saya a rika haya, wannan wata magana ce, amma a zauna a rubuta wa zai tuka, wa zai wanke, kudin gyara daga ina, kafin a sa hannu.

Yawan da za'a zuba, ka fara da lita 2 a kowane murabba'in mita, wato durom 25 a kar daya in ba'a sirka ba. Da abin hannu mai lita 10 zai ci kamar mita 6 na layin masara. Bar layi biyar ko shida ba ka zuba ba don ka gani da idonka, badi sai ka kara ko ka rage, kuma kar ka yanke ure gaba daya a shekarar farko, rage shi dai. Lokaci kuwa biyu ne masu kyau, ko dab da shuka bayan ruwan farko ya jika kasa ka zuba ka bi da garma a ranar, ko lokacin huda da masara ta kai wata daya zuwa kwana 40, daidai sanda aka saba sa ure, amalanke na gaba mai huda na biye. Da yamma bayan la'asar ko da sassafe, ranar da ba iska. Yayyafi bayan zubawa alheri ne, amma in hadari ya hado baki ana jiran ruwa mai karfi ka dakata, wanke shi zai yi ya kai mayo. Kar ka zuba da rani tsakiya kace kana rage aiki kafin damina, wata biyu a rana ba abin da zai saura sai kashin. A karal da ya tsattsage ma haka, ruwan bin tsagar yake ya wuce inda saiwa zata kai. Kada ya taba ganye, yana kona shi.

Kayan lambu da ake ci danye, salak, karas, tumatir, albasa, a nan a yi hattara da cuta. Ka'idar da masu noman da ba'a sa takin zamani na Amurka ke bi itace kwana 120 tsakanin zuba danyen taki da girbi in abin da ake ci yana taba kasa, kwana 90 in baya tabawa. Salak baya kai haka a gona, don haka shi a ba kasar tun da wuri yadda kwana 120 zasu cika kafin girbi, ko a bashi rubabben taki. Albasar Marwa a zuba wajen gyaran fangali kafin dashe, ba in ta fara kai ba.

Maganar tallafi, shirye shirye irin su ACEFA da PRODEL sun tallafa wa kungiyoyin manoma da makiyaya da kayan aiki, kuma yadda irin wadannan ke tafiya kusan daya ne, kungiya suke so mai takarda, jik ko koperatif, da rubutaccen tsari, sannan ku ma ku kawo naku kason. Ka je ofishin noma ko na kiwo na arondisman dinku da kafarka ka tambayi me ke bude yanzu, mai noman auduga ya tambayi jami'in shiyyarsu batun bashin amalanke. Duk wanda yace ka bashi kudi ya sa sunanka a jeri, kyale shi. Kuma kar ka sayi kaya tukun kace za'a biya ka daga baya, yawanci sai an amince a rubuce ake saye. In an baku zabin abin da za'a rubuta, ni zan sa simintin dabe da rami da rufi a farko, amalanke da durom na biyu, inji a karshe, don fitsarin da ya nutse a turke ko ya bushe a rana ba injin da zai dawo dashi. Ku lissafa kason ku da man da zai sha da gyaran shekara uku, ku raba da yawan buhun da kuke ganin zai rage muku, in lissafin bai fita ba ku nemi karamin abu ko da tallafin babban yafi yawa.